Ranar da Na Ga Ƙashin Bayan Ɗan Goggo

Tun da muka dawo daga Indiya ban huta da tambaya ba. A makaranta abokan aiki sun tsare ni a ofishin malamai, a gidan suna mata sun tsare ni a bakin murhu, har mai sayar mini da kifi a kasuwa sai da ya ajiye wuƙa ya ce in ba shi labari. Kuma tambayar kowa ɗaya ce, wai na ga masu rawa da waƙa a cikin furanni? Sai ka ce yawon buɗe ido na je. To, bakina ya gaji. Ga shi na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa. Amma tun yanzu ku sani ni ban ga rawa ba, jinya na je, kuma yawancin kwanakin a tsorace na yi su.

Wanda na raka ɗana ne na fari. Ba zan rubuta sunansa ba, don ban taɓa kiransa da bakina ba, kuma ba a takarda zan fara ba. Mu haka muka tashi muka tarar a gidanmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta kallonsa ido cikin ido, balle ta taɓa jikinsa. Ana yaye shi yayar mahaifinsa ta goya shi zuwa Nasko, can ya girma, shi ya sa kowa ke ce masa Ɗan Goggo. Shi kuma Yaya yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙannena suna faɗa. Ko da ya dawo Kontagora ya yi aure ya kama sana'ar doya, in ina da magana da shi sai in faɗa wa matarsa yana zaune yana ji, ita kuma ta maimaita masa kamar bai ji ba.

Da daminar bara ya je sayen sabuwar doya a wani ƙauye bayan Mashegu. Ruwa ya cinye gefen hanya, babur ya zame da shi, ya faɗi da baya a kan dutse. Masu ɗori sun yi nasu, asibiti sun yi nasu, har Abuja aka kai shi. Can aka ce ƙashi ɗaya ne a gadon bayansa ya karye, yana danne lakar da ke kai saƙo zuwa ƙafafu. Kullum ƙafafun suna ƙara mutuwa, in ba a ɗaga ƙashin an ɗaure shi da ƙarfe ba, zama ya same shi har abada. Dangi da abokan sana'arsa suka haɗa abin da suka haɗa, aka ce a fita da shi. Sai maganar ɗan rakiya ta taso. Mahaifinsa ya rasu, matarsa tana jego, Goggo ta tsufa, ƙanin mahaifinsa kuma ba shi da fasfo. Ni ce mai fasfo tun na Hajji, ni ce mai ɗan Turancin aji. Da aka ce ni zan je, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Motar Ɗanlami muka ɗauka shata, wani direban unguwarmu mai bakin tsiya. Aka kwantar da kujerar baya, aka shimfiɗa katifa, aka ɗora mara lafiya. Sai da rana ta fito sosai muka tashi, don kun san hanyar nan yanzu ba a yi mata sammako. Kafin Tegina Ɗanlami ya riƙa rage gudu yana ɗaga wa motocin da ke tahowa hannu, yana tambayar ko gaba lafiya. In aka daɗe mota ba ta taho ba, sai kowa ya kama salati a zuci. Ni tunanina ɗaya: in aka tare hanya kowa ya ruga daji, shi fa? Ga ramuka, kowane rami muka faɗa sai in ji ya cije haƙori a bayana. Ina gaba, idona a kan titi, na ce wa Ɗanlami ya tambayi na baya ko a tsaya ya huta. Ɗanlami ya tambaya, aka ce a ci gaba. Sannan ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Malama, ni fa bizata a Abuja ta ƙare. A jirgi wa zai riƙa kai miki saƙo?"

Na ce ya kula da tuƙinsa. Amma maganar ta zauna mini a ciki har Suleja.

Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. A jirgi aka jera mu kujera da kujera, kafaɗa na gogar kafaɗa. Na juya fuska ga taga, shi ya juya ga hanya, muka yi tafiyar nan kamar waɗanda suka yi faɗa. A filin jirgin da muka yada zango, a wata ƙasar Larabawa, mai tura masa keke ya ajiye mu a wani lungu ya ce yana zuwa, bai dawo ba. Wuri ne kamar gari guda, ko'ina ƙofa, ko'ina haske, lokacin jirginmu na biyu kuma yana matsowa. Hankalina ya tashi. Sai na ga Ɗan Goggo ya ɗaga wayarsa sama kamar mai ɗaukar hoto. Na saci kallo. A cikin wayar ga hanyar da ke gabanmu, ga mutane suna wucewa, amma a ƙasa an jera wasu shuɗɗan kibau suna nuna hagu. Na dubi ƙasan da idona, babu komai sai tayil. Na sake duban wayar, kibau na nan. Na yi a'uziyya a hankali. Shi kuwa, da yake ba zai yi mini bayani kai tsaye ba, sai ya yi wa hannun kekensa. Ya ce wata fasaha ce da ke ɗora zane a kan abin da ido ke gani, Turawa sun gajarta sunanta zuwa harafi biyu, A da R, kuma in mai turi ya bi kibau zai kai ƙofar jirgi. Mai turi dai ni ce. Na kama keke na bi abin da ba na gani, muka isa ana kiran layin ƙarshe.

A bakin shiga Indiya kuma lalle ne ya kusa ja mini. Kafin mu taso matan unguwa suka ce ba za a yi abin kunya ba, malama guda ta fita ƙasar waje da farin hannu. Suka ƙunsa mini lalle a yatsu har ya yi baƙi. Na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ce ba ta san zancen ba. Na danna, ta ƙi, na sake, ta ƙi. Kafin in ankara wani ma'aikaci ya tura keken Ɗan Goggo ta layin marasa lafiya, ya ɓace mini a cikin jama'a, ga shi ba ni da bakin kiransa. Jami'in da ke gabana sai kaɗa kai yake yi gefe da gefe. Na tambaye shi ko akwai matsala, ya kaɗa kai. Na ce in wuce, ya kaɗa kai. Daga baya na gane haka suke cewa to, haka suke cewa ban sani ba, haka suke cewa sannu. Sai da aka goge mini yatsu da wani ruwa mai sanyi kafin babban yatsana na hagu ya yarda. A wajen binciken kaya suka buɗe robar daddawa, mutumin ya ja da baya ya toshe hanci, ya ajiye ta gefe tare da kilishi. Da ya zo kan garin kuka, ya dubi korensa, ya dubi hannuna, ya ce lalle ne ko? Ni kuma ban ce e ba, ban ce a'a ba, na kaɗa masa kai irin nasu. Da haka kukata ta tsira.

Garin da muka sauka ban taɓa jin hayaniya irin tasa ba. Kowane direba hannunsa a kan oda yake. Ashe gidan su Keke Napep muka zo, ga su nan kamar fara, wasu an rataya musu lemun tsami da barkono a gaba. Shanu suna yawo a tsakiyar titi ba makiyayi, motoci suna kauce musu. Na ce a raina da a wajenmu ne, kafin azahar an san inda suka kwana. Mata tsofaffi sa'o'ina suna tuƙa babur da zani, ba mai ko waiwayarsu.

Masaukinmu wani gida ne kusa da asibiti, inda ake ba masu jinya hayar ɗaki. Matar gidan ba ta cin nama, ba ta cin ƙwai, kuma ta ce ko ƙamshinsu kada ta ji a madafinta. Ɗaki ɗaya aka ba mu mai gado biyu. Abin da na fara yi shi ne na ɗaura igiya na rataya zani a tsakani. Abincinsu shinkafa ce da wasu miyoyin wake tsululu, yajin kuma ba irin namu ba ne, ba ya tsayawa a baki, sai ya sauka ciki yake faɗa maka sunansa. Shayinsu dai ban ga laifinsa ba, da madara da citta. Allah ya haɗa ni da Hajiya Rabi, wata mutuniyar Maraɗi da ta daɗe a gidan tana jinyar mijinta mai ciwon ƙoda. Ita ta nuna mini inda ake sayen garin da za a tuƙa tuwo. A kanti na ga tana ɗora wayarta a kan kowane gwangwani, sai rubutunsu mai kama da shanyar kaya a igiya ya juye ya koma wanda take iya karantawa, a nan jikin gwangwanin, ta duba ko akwai abin da bai halatta ba. Ta ce in ba don wannan ba da tuni yunwa ta kashe ta ko ta ci haram.

A asibiti ma abin ya bi mu. Da za a ɗebi jininsa, ma'aikaciyar ta haska masa wata 'yar fitila a hannu, sai ga jijiyoyin sun fito a kan fata kamar an zana da biro, ta soka allura sau ɗaya ta samu. Wannan kam ya burge ni, don na tuna yadda ake farautar jijiyata a gida har hannu ya kumbura. Abin da bai burge ni ba shi ne bakin likitocinsu. Mu a nan, ko mutum yana gargara, da sauƙi ake ce masa, a ja dangi gefe a faɗa musu gaskiya. Su kuwa a gaban mara lafiya suke zazzage komai, har da abin da zai iya lalacewa, suna kallon idonsa.

Bayan an saka shi a wata na'ura mai kama da rami an ɗauki hotunan bayansa, aka kira mu wajen babban likitan da zai yi aikin, wani baƙin dattijo mai furfura da sanyin murya. Aka kwantar da Ɗan Goggo rubda ciki, aka yaye masa riga. Ni ina can gefe ina nazarin silin. Likitan ya ɗauko wani tabarau mai kauri da maɗauri, ya saka, ya tsaya a kansa yana motsa yatsu a iska kamar mai kama sauro. Can ya cire ya miƙo mini, ya ce uwa ta zo ta gani. Na ce na yafe. Ya ce a ƙa'idarsu ba sa yanka mutum sai shi da nasa sun fahimci abin da za a yi. Ma'aikaciya ta gyara mini hijabi ta ɗaura mini shi.

Da farko ɗakin na gani yadda yake, da gado, da likita. Sai na sauke ido. Ga bayansa, ga fatarsa, yana numfashi, amma a cikin fatar ina ganin ƙasusuwa farare a jere tun daga wuya har ƙugu. Ga haƙarƙari. Ga ɗaya a ƙasa ya murƙushe, ya yi ja, ya jingina da wata igiya rawaya. Na matsa gefe, ƙasusuwan suna nan a cikinsa, ko kaɗan ba su gusa ba. Abin da ba a gani sai kabari ya rufta, shi nake gani a jikin ɗana yana da rai. Na fizge tabarau ɗin, sai a kan kujera na tsinci kaina ana ba ni ruwa.

A nan sai na yi muku bayani, don na san wasu za su yi dariya. Muna yara akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ake cewa mayya ce. In ta ɓullo sai mu watse. Abin da manya suka faɗa mana shi ne, maye yana ganin cikin mutum kamar yadda ake ganin ruwa a kwalba, kuma wanda ya leƙa cikinsa sai ya fara ramewa. Suka ce mayya in ta rasa na waje, na gida take kamawa. Ni malamar makaranta ce, ina koya wa 'yan aji biyar sassan jiki da alli, na je Makka na dawo, na san komai sai da ikon Allah. Amma a ranar nan duk wannan ilimin ya sa takalmi ya bar ni. Abin da ya rage a kaina shi ne, ni da ban taɓa ƙare wa yaron nan kallo ba, ranar da na fara, irin kallon mayu na yi masa.

Kamar abin haɗin baki, da yammar ranar zazzaɓi ya rufe shi. Ya kira wani ma'aikaci da ke zuwa masaukinmu yana taimaka masa, ya ce ya tsunkule shi a ƙafar hagu. Aka tsunkula, bai ji ba. Da safe kuwa yana ɗan ji. Na zauna a bayan zanina, na ce shi ke nan, na ci ɗana da idona. Na fita na sami Hajiya Rabi na ce mata gida za mu koma, ba zan bari mutumin da ke aiki da wannan abu ya sa masa wuƙa ba. Ashe yana jin mu. Da na dawo ya yi magana daga bayan zanin, ya ce in Yaya ba ta yarda ba shi ba zai sa hannu ba, a nemi jirgi. Ya faɗa ba fushi, ba gardama, irin biyayyar nan da ta fi zagi ciwo. Washegari likita ya aiko a zo a tsayar da ranar aiki, muka ce a dakata. Ranar ta wuce, ƙafar dama ma ta fara nauyi.

Hajiya Rabi ce ta gaji da ni. Ta same ni a madafi ina juya tuwon da ba mai ci, ta kashe wutar.

"Ke wai malamar boko ce ko ta tsibbu? Tashi mu je ki faɗa wa likitan abin da kika faɗa mini. In kunya kike ji, ni ba ni da ita."

Ta ja ni har ofishinsa. Turancina da nake taƙama da shi ya ƙare, don ban san yadda ake cewa maita ba. Na dai ce masa a ƙasarmu mugaye ne kaɗai ke ganin cikin mutum, kuma tun da na gani yaron ya ƙara lalacewa. Na jira ya yi dariya, bai yi ba. Ya ce kakarsa ma har ta mutu tana rataya lemun tsami da barkono a ƙofa saboda mugun ido. Sannan ya ce in sake saka tabarau ɗin sau ɗaya, a nan ofis, inda mara lafiya ba ya nan. Hajiya Rabi ta riƙe mini hannu na saka. Sai ga ƙasusuwan nan dai, su ɗin, da jan da rawayar, suna tsaye a kan teburinsa kusa da kofin shayi. Ya sa yatsa ya juya su, ya ƙara musu girma, ya rage. Ya ce wannan hoton da na'urar nan mai rami ta ɗauka ne, kwamfuta ce ke ɗora shi daidai a kan jikin mutum don likita ya san inda zai bi. Tabarau ba ya ganin komai, nunawa kawai yake yi. Zazzaɓin kuma daga mafitsara yake, sun ba shi magani, ƙafar kuwa ƙashin ne ke ƙara dannawa, kuma kowace rana muka ƙara tana ƙara tafiya. Kunya ta kama ni, ga takaicin ranar da na ɓata masa.

Da a nan ya tsaya da na fita da sauƙin zuciya. Amma na ce muku ba sa ɓoye komai. Ya taɓa iska, sai wasu korayen layuka suka fito, suka ratsa ƙashin. Ya ce nan ƙusoshin ƙarfe za su bi. Ya matso da hoton har gaban hancina, ya nuna mini tsakanin layin da igiyar nan rawaya, wato laka. Abin da ya raba su bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Ya ce amfanin tabarau ɗin shi ne yana ganin layin a kan jikin, ba sai ya ɗauke kai ya dubi allo ba, amma hannun da zai bi layin hannun ɗan Adam ne. In ya kauce, ƙafafun sun tafi a ranar. In kuma ba a yi ba, za su tafi a hankali. Tsoron maita ya fita, wani ya shigo wanda ya fi shi nauyi, don wannan na gan shi da idona kuma na fahimce shi. Na cire tabarau ɗin na yi masa godiya, muka fito.

Da na shiga ɗaki na daɗe a tsaye. Sannan na kama zanin nan na janye shi gefe, na zauna a bakin gadonsa. Ya yi yunƙurin tashi don girmamawa, ya kasa. Na dube shi sosai. Ashe har ya fara furfura a gemu ban sani ba.

"Yaya, me kika gani?"

Kalmar nan ta "da sauƙi" ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye ta. Na faɗa masa duka, da jan ƙashin, da layin, da tsinken tsintsiya, da wautar da na yi. Ya saurara bai katse ni ba, sai hawaye da ke gangara masa zuwa kunne.

"To ke me kika ce?"

"Na ce a yi. In Allah ya sa an dace, alhamdu lillahi. In ba a dace ba, ni zan riƙa tura keken, ai na koya."

Ya yi 'yar dariya, ya ce a kira su ya sa hannu.

Ranar aikin tun da hantsi suka shiga da shi. Na zauna a baranda da carbina. Kusa da ni wata Ba'indiya ce da nata carbin, nata ɗan ma yana ciki. Ba ta jin nawa, ba na jin nata, amma ta raba shayinta biyu ta ba ni rabi, ni kuma na ba ta dabino. Duk ƙofar da ta motsa sai mu miƙe tare. Na yi azahar, na yi la'asar, ban san me na karanta ba. Abin da ke yawo a idona kawai koren layin nan ne da hannun dattijon. Da ya fito, maɗaurin tabarau ya bar masa shaida a goshi. Na tare shi, ya kaɗa kai gefe da gefe. Na ce don Allah ya yi magana da baki. Ya ce ƙusoshi sun zauna inda ake so, sauran sai ya farka.

Da ya farka aka kira ni. Likitan ya yaye bargo ya ce in kama masa babban yatsan ƙafa, in ce ya motsa. Rabona da taɓa jikinsa tun yana shan nono. Na kama na dama, ƙafar da sanyi, da kaushin mai yawon ƙauye. Na ce ya motsa. Na ji yatsan ya ture hannuna kaɗan. Na kama na hagu, na ce ya motsa. Muka jira. Babu abin da ya faru. Likitan ya ce a ba ta lokaci, ita ce ta fi daɗewa a danne. Ni kuwa na san wace rana ce ta ƙara mata daɗewa.

Sai da aka kwana biyu kafin ta hagun ta ɗan amsa. Daga nan aka shiga koyon tafiya. Nan ma tabarau suka saka masa, wani mara nauyi. Ya ce yana ganin sawun ƙafa a jere a ƙasa, in ya taka daidai sai sawun ya canza launi, wani ya fito a gaba. Ni ba na ganin komai sai mutum yana dafe da ƙarfe yana taka fili da kyar, gumi na zuba. Lokacin da ya koyi tafiyar farko kunya ta hana ni yi masa tata, wasu suka yi. Wannan karon ina bayansa, hannuwana a buɗe, in ya yi tangaɗi zuciyata ta riga shi faɗuwa. Masu koyarwar suka gaji da cewa in koma in zauna, suka ƙyale ni.

Da za a sallame mu likitan ya faɗi tasa gaskiyar kamar kullum. Ƙafar dama ta dawo, ta hagu za ta riƙa ja, wataƙila ta ƙara warwarewa, wataƙila ta tsaya haka. Babur kuma an yi sallama da shi. Kuma a kiyaye faɗuwa, don faɗuwa ɗaya tana iya rushe aikin duka. Hajiya Rabi ta raka mu har bakin mota, na bar mata ragowar kukata, mijinta yana nan kwance har muka taho.

Ɗanlami ne ya ɗauko mu daga Abuja. Wannan karon a zaune Ɗan Goggo ya yi tafiyar. Muka iso Kontagora ƙofar gida cike da jama'a, Goggo ta zo daga Nasko tana kuka tun kafin mota ta tsaya. Ni na fara fita, na amsa sannu da zuwa, na shige gida ban waiwaya ba, kamar yadda ya kamata. Ina jin wata tana yaba ni, wai dubi malama, duk wahalar nan ko kallonsa ba ta yi ba. Komai ya koma mazauninsa. In ina da magana da shi, matarsa nake faɗa wa.

To, masu tambayar rawa, kun ji abin da na gano. Yanzu kullum da safe yakan zo gaishe ni, ni kuma ina bayan labule, na san tafiyarsa tun daga zaure: taku, sanda, sai jan ƙafa. Shekaranjiya na kasa kunne na ji taku, na ji jan ƙafa, ban ji sanda ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ni, na amsa lafiya lau, ban ɗaga labulen ba. An yi ruwa da asuba, tsakar gidan da santsi. Ya juya ya kama hanyar fita, ni kuwa ludayi a hannuna, koko yana zuba a tabarma, ban saki numfashi ba sai da na ji ya tsallake dokin ƙofa.